Littafin Masunci: Ka Rubuta Har Ranar da Ka Dawo Hannu Rabbana

Ka tambayi kowane masunci a bakin ruwan Yawuri yadda kamun bara ya kasance, labarin rana ɗaya zai ba ka: ranar da giwan ruwa ta faɗa masa a kalli, sai da ƙarti uku suka taru kafin a ɗora ta a jirgi. Zai faɗa maka wanda ya saya, da nawa aka yi ciniki, da abin da ya yi da kuɗin. In ka ce masa to sauran kwanakin shekarar fa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ana dai taɓawa." Ba ƙarya yake yi ba. Haka Allah Ya yi zuciyar ɗan Adam, tana riƙe ranar daɗi da ranar tashin hankali, ta zubar da kwanakin da ke tsakani. Alhali kuwa waɗannan kwanakin da aka zubar su ne sana'ar. Su ke ciyar da gida, su ke biyan kuɗin mai, kuma a cikinsu ne ake gane ko ruwa yana nan da albarkarsa ko ya fara ja da baya.

Saboda haka, ƙannena samarin da kuka karɓi filafili daga hannun iyayenku, ko a tafkin Kainji kuke, ko a fadamun Haɗeja da Nguru, ko a tsibiran tafkin Chadi, shawarar da zan ba ku ba ta da tsada. Kowa ya sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, da fensir, da leda mai kauri da zai riƙa naɗe su. Fensir na ce, domin tawadar biro da zarar ta ji ruwa sai ta baje, rubutun fensir kuwa ko takarda ta jiƙe ta bushe yana nan. Wanda ya iya boko ya rubuta da boko, wanda allo ya yi ya rubuta da ajami, ruwa bai san bambanci ba. Kada ka shiga jirgi da littafin. Ka bar shi a tunga, in ka fito ka wanke hannu ka rubuta tun kafin ka kwanta, domin abin da ka bari sai gobe, kafin goben ya riga ya zama labari.

Ga irin abin da nake nufi, kuma bai wuce layi biyar ba:

"Talata, 14 ga Janairu, wata ya kwana 27. Bayan tsibiri, wajen kututturen nan. Kalli 4, ido yatsa uku, na zuba bayan la'asar na ɗebe da asuba. Sanyi sosai, hazo, iska daga gabas. Ruwa garau, ya hau yatsa biyu a sanda. Ƙarfasa rabin daro, ƙurungu 9, ragon ruwa 1 mai kamu ɗaya. Mai lita 3. Kalli ɗaya ya yage."

Ka lura kwanan wata biyu na sa, kuma da gangan ne. Kwanan watan Bature yana bin rana, shi ke gaya maka damina ce ko hunturu. Kwanan watan Musulunci kuma shi ke gaya maka halin dare, farin wata ne ko duhu. Masunci yana bukatar duka biyun. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa in dattijo ya ce maka "a watan azumi muke kama faliya a wuri kaza", maganar tasa gaskiya ce a shekarun da yake tunawa, amma azumin da ya zo masa cikin sanyi, bayan shekara goma sha biyar ko sha shida cikin damina zai zo maka. In ka rubuta duka biyun, kai da kanka za ka raba abin da wata ke yi da abin da yanayin shekara ke yi.

Amma layin da ya fi kowanne nauyi a cikin wancan misali shi ne na "kalli 4, ido yatsa uku, daga la'asar zuwa asuba". A nan nake so mu daɗe. Yawan kifi shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da wahalar da aka sha kafin a kama shi. A ce bara da kalli uku kake kama daro biyu a dare. Bana ka ci bashi ka ƙaro uku, ka kuma ƙara nisa har man da kake ƙonawa ya ninka, ga shi har yanzu daro biyun kake fitowa da shi. In aka tambaye ka za ka ce kamu yana nan yadda yake. Matarka ma haka za ta ce, domin abin da ke shigowa gida bai canza ba. Littafi ne kaɗai zai faɗa maka maganar da ba ka son ji: kowane kalli naka yanzu rabin abin da yake kamawa bara yake kamawa. Haka nan in ka sauya raga daga ido yatsa uku zuwa yatsa biyu, daro zai ci gaba da cika, sai dai da 'ya'yan kifin da ya kamata su zama kamun baɗi ya cika. Masana kifi a duk duniya da wannan ma'auni suke aiki, wato kamu a raba shi da yawan kayan aiki da lokacin da aka ɓata. Lissafin rabawa ne kawai, irin wanda ɗan aji huɗu zai yi maka.

Shi ya sa ranar da ka dawo ba ko ƙaya, ita ma sai ta shiga littafi, da cikakken bayaninta kamar kowace rana. Na san da zafi. Mutum ya kwana cikin sanyi da sauro, ya dawo jirgi wayam, abin da yake so shi ne ya ja bargo kada kowa ya yi masa magana. To amma littafin da ranakun samu kaɗai ke ciki, hirar bakin ruwa ce aka mayar takarda, kuma zai ruɗe ka fiye da rashinsa, domin kana ganin lambobi za ka ɗauka gaskiya ce. Rubuta sifili ɗin nan, ka rubuta wurin, ka rubuta halin ruwa. Sanin inda babu kifi a lokaci kaza yana tsare maka mai da barci.

Tafkin Kainji kansa ya isa darasi. An kammala madatsar a 1968, ruwa ya taru ya haɗiye tsohuwar Bussa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutane kusan 44,000. Gonaki da dazuzzukan da ruwan ya cinye suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya yi yawa, musamman faliya. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta kamun shekara ya haura tan 28,000. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru goma kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Bayan an jima sai ga dala ta yawaita, ragar nan mai ƙanƙanin ido da ake ja daga gaɓa don kama warangi, lissafi ya sake tashi har wajen tan 38,000 a 1996. Wanda ya kalli wannan lamba ita kaɗai zai ce tafki ya farfaɗo. Amma dala ba ta zaɓe, tana kwaso warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifaye da ke kiwo a gefen ruwa, kuma cikin 'yan shekaru kamun ya koma ƙasa da rabin wancan. Yaya aka yi muka san duk wannan? Saboda akwai masu rubutawa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, da shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da ya yi aiki a tafkin a shekarun 1990, sun riƙa tura ma'aikata bakin ruwa suna auna kifi, suna ƙirga jirage da raga. Abin da ke ba ni takaici shi ne masuntan da kifin ya bi ta hannunsu kullum, sai baƙo ne ya zo ya karanta musu tarihin ruwansu.

Kada ka ce wannan matsalar talaka ce kawai. A gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada akwai wani kifin teku da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kamawa ba a ga ƙarshensa ba. Manyan jirage masu na'urar gano kifi suka ci gaba da cika cikinsu ko da kifin ya ragu, domin sauran da suka rage suna taruwa wuri ɗaya, na'ura kuma tana kai su kansu. Ƙananan masunta na kusa da gaɓa su suka fara kuka cewa kifi yana ƙanƙancewa kuma sai sun ninka raga kafin su sami abin da suka saba, aka yi musu kunnen uwar shegu. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutane wajen 30,000 suka rasa abin yi dare ɗaya.

Mu dawo kan halin ruwa. Masuncin Kainji ya san cikowa biyu yake gani a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa daga wajen Agusta. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun cikin damina a duwatsun ƙasar Gini, ya bi ta Mali ya baje a cikin faffaɗar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, lakarsa ta kwanta, sannan ya ratso Nijar ya iso mana garau cikin hunturu. Kowa ya san wannan a dunƙule. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yaushe ya iso bara, yaushe ya iso bana, da kwana nawa ke tsakanin isowarsa da canjin kamu a wurinka. Ga kuma injinan lantarki da ke madatsar suna jan ruwa, har tsayin tafkin yakan sauka kusan mita goma tsakanin cikarsa da ƙarshen rani. Ka kafa sanda a gaɓa, ko ka zaɓi wani dutse da ba ya motsi, ka riƙa duba shi kowace safiya: ya hau, ya sauka, ko yana tsaye. Yawancin kifayen koginmu da hawan ruwa suke shiga ciyawa su yi ƙwai, da janyewarsa kuma suke fitowa, saboda haka wannan kalma guda ɗaya da za ka rubuta tana da bayani fiye da dogon zance.

Tsabtar ruwa ma tana aunuwa ba tare da ka sayi komai ba. Ka sami farin murfin kwano, ka huda tsakiyarsa, ka zura igiya, ka ɗaura ɗan dutse a ƙarƙashi. A kan igiyar ka yi ƙulli bayan kowane taƙi. Da hantsi, ta gefen jirgin da ke da inuwa, ka sake shi a hankali kana kallo. Da farko za ka gan shi fari tas, sai ya koma ruwan toka, sai ya zama kamar inuwa, sai ya ɓace. Ka damƙe igiyar daidai fuskar ruwa, ka jawo, ka ƙirga ƙullin da suka jiƙe. A farin ruwa wataƙila ƙulli ɗaya ko biyu, a baƙin ruwa kuwa igiya za ta yi ta tafiya. Masu binciken teku da irin wannan faifai suke awo tun 1865. Amfaninsa gare ka shi ne kifi yana ganin raga a ruwa mai haske, musamman daren farin wata, ya kauce mata. Sanyi kuma yana rage masa cin abinci da yawo, domin jikinsa zafin ruwa yake bi. Ƙarfasa ta fi kowa lafewa in hunturu ya yi tsanani. In kana da waɗannan a rubuce, ranar da kamu ya faɗi za ka iya bambance ko kifi ne ya ragu ko kuwa dare ne bai dace da kalli ba, da ma mamari ka zuba.

Iska kam kada ka raina ta. Rubuta inda ta fito da lokacin da ta taso, musamman farkon damina da hadari ke haɗuwa cikin ƙiftawa da bismillah. Wannan layin ba na ciniki ba ne, na ranka ne.

Shi kifin, kada ka rubuta "kifi daro ɗaya" ka wuce. Raba shi: tarwaɗa, ramboshi, tsage, yauni, bargi, kawara, kowa da sunansa. In akwai ma'auni ka auna, in babu ka tsaya kan daro guda da ba za ka riƙa sauyawa ba. Manya kuma ka gwada su da taƙi ko kamu. Girman kifi yakan fara raguwa tun kafin yawansa ya ragu, kuma raguwar a hankali take zuwa har ido ya saba. Kifin da kakanka zai jefar ya koma ruwa saboda ƙanƙanta, babanka ya kira shi madaidaici, kai kuma kana ɗaukar hotonsa da waya. Kowane zamani yana ɗauka abin da ya tarar shi ne daidai.

Nan ne kuma nake kiran ƙannena mata. Ke da kike fafe cikin kifi kina yin banda, idonki na ganin abin da mai jirgi ba ya gani. Ke kika san makon da cikin tarwaɗa ke cika da ƙwai, da lokacin da faliya ke da kitse har yana ɗiga a wuta. Ke kika san daro nawa na ɗanye ke ba da kwali guda na busasshe, da itacen nawa ya ci, da kwana nawa banda ke yi kafin ƙwari su fara huda ta ta koma gari. Ki buɗe naki shafin a bayan littafin yayanki, ko ki sayi naki. Maganar ƙwai ita ta fi muhimmanci. Uwar ƙarfasa a baki take goyon ƙwanta, in aka kama ta a lokacin an kashe ɗaruruwa tare da ita. Bargi da yauni sheƙa suke yi a cikin ciyawa su tsaya gadi, shi ya sa kama su a lokacin ba wuya, kuma shi ya sa ɓarnar take da girma. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma sa iyakar idon raga a milimita 76, wato inci uku. Amma doka daga Abuja ba ta san a wane mako kifin lungunku ke ƙwai ba. Kabawan Argungu sun san nasu tun kafin a fara bikin kamun kifin da duniya ta sani a 1934: kogin Matan Fada a rufe yake a sauran shekara, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma saboda haka ne ake fito da giwan ruwa mai nauyin babban mutum.

Sai kuɗi. Yawancinku da ragar uban ɗaki ko injin dillali kuke aiki, a kan sharaɗin shi za ku sayar wa kifi a farashin da ya yanka. Ba na zagin tsarin, shi ya tsayar da mutane da yawa a kan ƙafarsu. Amma bashin da mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da lissafinsa ba ya ƙarewa da wuri. Rubuta abin da ka karɓa, da abin da aka cire kowace rana, da farashin da aka saya, da farashin da ake sayarwa a kasuwa a ranar. Wanda ya ce maka wannan rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A ƙarshen wata ka tara mai, da gyaran raga, da abincin yaran jirgi, ka cire daga ciniki. Wani zai tarar wurin nan mai nisa da yake alfahari da shi, injin yake yi wa aiki, kusa da gida da filafili ya fi masa riba.

Za a yi maka dariya, wannan ka sa a ranka. Wani zai ce ɗan boko ya zo koya wa kifi lissafi. Wani dattijo zai ce arziki na Allah ne, ƙirga shi yana kore albarka. Kada ka yi musu da shi. Arziki na Allah ne, babu shakka, kamar yadda ruwan sama na Allah ne amma manomi yana lura da ranar da ya yi shuka. Ka ce, "Baba, ni abin da kuka sani nake so kada ya ɓace." Sannan ka ware shafukan ƙarshe domin maganarsa: wane tsuntsu ne in ya taru ake sa ran kawara, wane launin ruwa ne ke nuna rami a ƙasa, ina tsohuwar hanyar kogi ta bi kafin a yi madatsa. Dattawan Sarkawa da Gungawa suna ɗauke da taswirar ƙarƙashin tafkin nan a kansu, domin wasunsu sun taka wuraren da ƙafa suna yara, kuma kullum raguwa suke yi. Ka rubuta abin da suka faɗa, ka gwada shi da abin da ka gani. Wani zai tabbata. Wani kuma za ka ga ruwan ne ya canza ya bar maganar a baya. Wanda ya koyi su a tafkin Chadi a farkon shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, iliminsa bai yi wa ɗansa aiki yadda yake ba bayan farin 1973 ya raba tafkin biyu, kifayen sarari suka ja baya, tarwaɗa da gaiwa da ƙarfasa masu jure ruwan fadama suka yi yawa. Haka mutanen Haɗeja da Nguru suka ga cikowarsu ta sauya bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa.

In kana tsoron wani ya ɗauki littafin ya gane wurarenka, ka laƙaba musu sunayen da kai kaɗai ka sani. Sirrin wuri hakkinka ne.

Kada ka sa ran ganin abin mamaki a watan farko. Shekarar farko tarawa ce kawai. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zauna ka haɗa lissafin mako: dare nawa ka fita, kalli nawa, daro nawa, sai ka raba. A shekara ta biyu za ka sami abin kwatantawa, a ta uku ne littafin zai fara yi maka magana. Ka kuma yi hattara da saurin yanke hukunci. Don ka yi kamu mai kyau sau biyu a ranar Laraba, ba Laraba ce ta kawo kifi ba. Sai abu ya maimaitu a shekaru daban-daban, a yanayi iri ɗaya, kafin ka dogara da shi har ka zuba kuɗinka.

In kun kai ku biyar ko shida a tunga ɗaya kuna rubutawa, ku haɗa littattafanku sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya janye. Ba sai kowa ya faɗi wurinsa ba, makon ƙwai da girman kifi da kamun kowane kalli kawai za ku jera. In duka littattafan suka nuna cewa a lungu kaza ƙarfasa na ɗauke da ƙwai daga mako kaza zuwa mako kaza, ku ɗauka ku kai wa Sarkin Ruwa, ku roƙi a hana zuba raga a lungun na waɗannan makonni, a kuma sa wanda zai duba kamun wurin a shekarar da ke biye.